Zaren da Aka Kaɗa a Lokacin Shammam

Jawabin Usta Dursun Alagoz a bikin buɗe Gidan Saƙa na garin Akbayir

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙaramar hukumarmu, Ekrem Bey. Mai girma wakilin Gwamna da ya taso tun daga Ankara. Limamin babban masallacinmu. Malaman jami'a da ke layin gaba da littattafai a kan cinya. Makiyayanmu da suka bar wa karnuka garke suka sauko daga tudu. Masaƙa abokan sana'ata. Iyayenmu mata masu mazari, da aka ajiye can baya kusa da ƙofa alhali nan gaba ne wurinsu. Jama'ar Akbayir, babba da yaro, mace da namiji: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da ya ja kwanana har na ga wannan rana. Ina gode wa hukuma da ta gyara wannan tsohon masauki na fatake ta mai da shi gidan saƙa. Ina gode wa kwamitin da ya ba ni minti goma, ina kuma ba shi haƙuri tun yanzu, domin abin da na yi shekara talatin da takwas ina yi ba zai shiga minti goma ba.

Kun ga wannan turmin yadi da na dafa da hannuna. Shi aka roƙe ni in bayar a sa a akwatin gilashin can, ya zama abin da baƙo zai fara gani idan ya shigo. Na kawo shi, kuma da niyyar bayarwa na kawo. Amma da safen nan na karanta 'yar takardar da aka liƙa a jikin gilashin, kuma ina da magana a kanta. Sai mun gama wannan magana hannuna zai tashi daga kan yadin.

Ni ne Dursun ɗan Rifat, wanda kuke ce wa Usta, wato gwanin sana'a. Ina aji uku na sakandare mahaifina ya rasu, na ajiye jaka na ɗauki shebur. Shekara tara na yi ina loda jan bulo a Ankara. Da guminsa na sayi fararen akuyoyi goma sha ɗaya, a lokacin da kowa a garin nan yake sayar da nasa wa mahauta. Babu wanda ya ba ni akuya. Babu wanda ya nuna mini yadda ake kafa masaƙa. Wata ruɓaɓɓiya na tono a rumbun kakata, na jera guntayenta a tsakar gida, na yi ta kallo har na gane inda kowane itace yake shiga, sannan na sassaƙa sabuwa da hannuna. Mamatsin da ake danne yadi a ciki, daga tsohon abin matse inabi na ƙera shi. Ba gwamnati, ba ƙungiya, ba ɗan'uwa mai hali a Jamus. Yau garkena ya haura ɗari shida, masaƙa tara suna aiki a gidana, mata arba'in da biyu suna kaɗi. Ban faɗi wannan don in ɓata wa kowa rai ba. Na faɗa ne don haka abin yake.

Magana ta farko, asalin abin. Malaman da ke gabana sun fi ni sanin shekaru, amma na fi su sanin akuya. Wannan farar akuya tamu mai gashi kamar siliki, a tuddan nan ta samu abin da take so: busasshiyar iska, gajeriyar ciyawa, sanyi mai shiga ƙashi. Daga gashinta, wanda muke kira tiftik, kakanninmu suka saƙa yadin da ake ce wa sof. Sarakuna sun sa shi, alƙalai sun yi shari'a a cikinsa, ayarin raƙuma ya kai shi bakin teku, jiragen ruwa suka wuce da shi ƙasashen Turawa. Watakila a wannan ɗakin da kuke zaune wasu fataken suka kwana da kayansu. An yi zamanin da ba a yarda a fitar da akuyar nan daga ƙasa da ranta ba. Daga baya ta fita. Ta je Afirka ta Kudu, ta je Amurka, ta hayayyafa a can. Masana'antun Ingila suka koma sayen gashin ɗanye suna saƙawa da injin, masaƙunmu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da aka haife ni, idan ka ce sof a kasuwar garin nan, sai tsofaffi su yi ajiyar zuciya, matasa su ce, "Abin ci ne?"

Magana ta biyu, yadda ake aikin. Idan sanyi ya ja baya sai a kora garke rafi a wanke shi, a aske, a ware gashin wuya da na haƙarƙari daga na cinya. A tsefe gashin a matsefin ƙarfe, mata su kaɗa, a murɗa zare biyu su zama ɗaya, a yi wadari. Kafin a ɗora a masaƙa, ana fesa wa zaren ƙullun wata saiwa da muke tonowa a tudu. Bayan saƙa a wanke, a rina, a jiƙa, a ninke tsakanin alluna, a danne a mamatsi kwana da kwanaki. Ranar da aka kwance mamatsi ita ce ranar hukunci. Idan aiki ya yi, za ka ga sheƙi yana tafiya a jikin yadin kamar iska ta taɓa fuskar tafki. Idan bai yi ba, bargo ka saƙa.

Jama'a, shekara bakwai ina saƙa bargo.

Zan gaya muku dalili, domin wanda ya ɓoye kuskurensa bai cancanci a saurari nasararsa ba. Mutanen dā da baki suke fesa ƙullun nan: mutum ya cika kumatunsa ya yi ta furzawa a kan wadari har haƙoransa su lalace. Ni na ce ina, wanda ya zauna a aji ba zai yi wannan ba. Na ɗauko famfon da ake yi wa inabi feshi, na wanke shi tas, na zuba ƙullu. Ya yi aiki, har yau da shi nake yi. Wannan nasara ita ta ruɗe ni. Na ce ashe duk inda tsofaffi suka sa baki, rashin kayan aiki ne ya sa su.

To kun san yadda matanmu suke kaɗi: ta lashi yatsa, ta ja zare, ta lashi yatsa, ta ja zare. Na je kasuwa na sayo kwanoni masu fure dozin biyu, na raba musu, na tsaya a gabansu na yi musu lacca a kan tsafta. Na ce daga yau yatsa a ruwa za a tsoma shi, ba a baki ba. Ban tsaya nan ba. Na lura a lokacin zafi mata suna gona, a lokacin sanyi suna zaune. Sai na gina musu ɗaki mai murhu, na ce kaɗi ya koma watannin dusar ƙanƙara. Na koma gida ina jin babu mai dabara irina daga nan har Istanbul.

Yadi ya riƙa fitowa da gashi tsaye cirko-cirko. Na canza rini, na canza alluna, na ƙara wa mamatsi nauyi har katakonsa ya tsage. Na zargi akuya, na zargi ruwan rafi, na zargi kowa ban da kwanonina.

Nazim mai shayi, kada ka sunkuyar da kai, ina ganinka a bayan liman. Duk shekara idan na kwance mamatsi sai in kai yadin shagonsa in shimfiɗa a tebur. Ya shafa shi da bayan hannu, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji:

"Usta, wannan yadi ne, ko bushiya ka danne a mamatsi?"

Na ce, "Kai dai zuba shayi, abin da ka iya ke nan."

Ya ce, "Shayina ko ba komai yana sheƙi. Ka bar mini shi in riƙa goge tukunya, ya fi soso kamawa."

A shekara ta bakwai na gaji. Na ce wa matata Sabriye, ga ta can da farin mayafi, na ce wannan ne karo na ƙarshe, in bai yi ba zan kira mahauta. Ta ce, "Maigida, ka faɗi haka bara." Na ce bana da gaske nake. Na saƙa abin da zan saƙa, ya fito bargo kamar kullum. Sai ya rage wani ɗan zare a kusurwa da ya zo a makare.

Kowace mai kaɗi da irin tsumman da take ɗaure zarenta. Wannan da shuɗin tsumma aka ɗaure shi, na Gwaggo Gulizar ne, yayar mahaifina, Allah Ya jiƙanta. Ita ba ta taɓa taka ɗakin murhuna ba. Ta ce gwiwoyinta ba sa fita cikin ƙanƙara don kowane ɗan Rifat. Sai ta karɓi kasonta na gashi ta cusa a buhu, ba za ka ga zarenta ba sai ƙarshen Agusta, ita da wata ƙawarta. Shekarun baya ina gauraya nasu da na sauran mata. A wannan karon babu abin gaurayawa, sai na saƙa shi shi kaɗai, ɗan guntu kamu takwas, don kada ya tafi a banza.

Ranar da na kwance mamatsi, hantsi ne, rana ta shigo ta taga. Na ɗaga allo na farko. Jama'a, yadin nan yana motsi alhali yana kwance. Na ɗauka idona ne. Na goge ido, na juya shi hagu, sheƙin ya gudu dama. Na juya shi dama, ya dawo. Na ƙwala wa Sabriye kira. Ta shigo da ƙullu a hannu, ta tsaya, ta ce, "Wa ya ara maka wannan?"

Ban ko sa hula ba na nufi gidan Gwaggo. Na same ta a ƙarƙashin rumfar inabi, mazari a hannu, faranti a gefe.

Na ce, "Gwaggo, me kika sa wa zaren nan?"

Ta ce, "Me zan sa masa? Turare?"

Na ce, "Kwanon da na ba ki fa?"

Ta ce, "Kaji suna gaishe ka. Tun da aka ƙyanƙyashe su ba su taɓa shan ruwa a kwano mai fure ba."

Na buɗe baki zan yi magana, ta ce, "Zauna, ka rufe bakin nan da ka kai makaranta, ka buɗe ido." Ta jawo farantin. Shammam ne a ciki, ɗan'uwan kankanar nan mai zaƙi, irin namu na bakin rafi mai ƙamshi, wanda yake nuna tare da ita. Ta yanki ɗan yanki ta ci a hankali, ta lashi yatsa, ta ja zare. Ta miƙo mini ta ce in taɓa. Sumul, ko gashi ɗaya bai ɗaga kai ba.

Ta ce, "Tiftik ba ulun tumaki ba ne, ɗan Rifat. Santsi gare shi, ba ya riƙe ɗan'uwansa. Ruwa yana jiƙa shi ne ya bushe ya tafi, gashi ya miƙe abinsa. Yawu shi ke kwantar da shi. Yawun ma ba kowanne ba. Na lokacin sanyi salam yake. Na lokacin shammam shi ke da danƙo. Kakata ba ta taɓa kaɗa zaren sof ba sai shammam ya nuna. Na sanyi safa ake yi da shi."

Na ce, "Gwaggo, shekara bakwai! Kina kallo ana yi mini dariya a shagon Nazim, ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Ka tambaye ni? Ka shigo da kwanoninka kana mana wa'azi kamar malamin asibiti. Na ce bari yaron nan ya gama karatunsa tukuna."

Ina da shekara arba'in ba ɗaya a ranar, da 'ya'ya uku.

Na san abin da wani zai ce a ransa: to Dursun, ashe an taimake ka. Ina ba shi amsa a gaban kowa. Wanda ya riƙe akuyoyi shekara bakwai ana masa dariya, ni ne. Wanda ya gane shuɗin tsumma, ya je ya durƙusa ya tambaya, ni ne. Wanda ya tattara kwanoni ya mai da ɗakin murhu wurin ajiye harawa, ya share kadada biyu a bakin rafi ya shuka shammam, ni ne. Kuma ban san wani masaƙi a ƙasar nan da yake noma saboda bakin masu kaɗinsa ba. Amma bakin da ya faɗi maganar nata ne, kuma ban hau wannan dandamali don in ci haƙƙin wadda take kabari ba.

Malamanmu na jami'a sun zo sun ɗebi zaren sun tafi da shi. Ɗaya ya ce mini watakila zaƙin ne, in gwada ruwan sukari. Na gwada, don ni ba na raina ilimi. Ƙudaje sun ji daɗi, yadi bai ji ba. Ban ce na san dalilin abin ba. Su za su nemo dalili, ni ga yadi.

Yanzu ku zo garin nan a watan Agusta ku gani. Kowace rumfa da mata a ƙarƙashinta, mazari yana juyawa, faranti yana zagayawa, hira tana tafiya. 'Yan matan da dā suke jiran motar da za ta kai su birni, yau suna gardama a kan wadda zarenta ya fi sirantaka. Nazim da kansa ranar auren 'yarsa rigar sof ya sa, kuma bai goge tukunya da ita ba. Idan na zauna a ƙofar gidana da yamma, garke yana gangarowa fari fat kamar tudun ne yake narkewa, ƙarar masaƙa tana fitowa ta taga, wallahi ba na ƙyashin kowa a duniya. Allah Ya ba ni fiye da abin da mai loda bulo ya roƙa.

Saura magana ta uku, ita ce ta takardar can.

Gidanmu yana da alama. Kakan mahaifina, Usta Halil, duk turmin da ya saƙa sai ya sa jan zare uku a gefensa, biyu a haɗe, ɗaya a ware. Na san haka domin rigarsa tana cikin akwatin kakata, a kanta na fara sanin mene ne sof. Shekara goma sha biyu da suka wuce na kai Sabriye wani gidan adana kayan tarihi a birni, ba zan kama sunansa ba. A ɗaki na uku muka ga wani turmi kore shar a cikin gilashi, an haska masa fitila. Na sunkuya ina duban gefensa kamar yadda kowane masaƙi zai yi. Jan zare uku. Biyu a haɗe, ɗaya a ware.

Na dubi takardar da ke ƙasa. An rubuta garin, an rubuta ƙarnin, an rubuta tsawo da faɗi har da ɗigo. A layin ƙarshe aka ce: ba a san masaƙin ba.

Mai gadi ya zo ya ce, "Baba, ja da baya, kana sa wa gilashi tururi."

Na ce, "Ɗana, wannan takarda ta yi kuskure. An san shi. Sunansa Halil, ni jininsa ne."

Ya ce, "To Baba, sai ka kawo shaida a rubuce."

Na ce, "Ga shaidar nan a gefen yadin, da hannunsa ya sa ta."

Yaron kirki ne, bai yi mini tsawa ba. Murmushi ya yi ya ce, "Baba, zare ai ba takarda ba ne."

Na yi wasiƙa sau huɗu. An amsa mini da ladabi, an ce ba za a canza ba sai da hujja, kuma ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya saƙa abin da ake haska wa fitila, ya dogara da zare uku su faɗi sunansa, zare kuwa ba ya magana. Waɗanda suka san alamar sun mutu, saura ni.

Da safen nan na shigo na duba akwatin da aka tanadar wa wannan turmi. An rubuta: sof, aikin mutanen Akbayir. Na san da kyakkyawar niyya aka rubuta, don kada a fifita wani a kan wani. Amma ranka ya daɗe, mutanen Akbayir ba su da yatsu. Akwai wadda ta kaɗa, akwai wanda ya saƙa. Yau kowa a ɗakin nan ya san su, shi ya sa ake ganin ba sai an rubuta ba. A zamanin Halil ma kowa ya san shi.

Bari in yi addu'a kafin in nemi abin da zan nema, don a san ba da fushi nake nema ba. Allah Ya albarkaci wannan gida da duk wanda ya sa hannu a gyaransa. Allah Ya tsare garkenmu daga cuta da kyarkeci. Allah Ya ba da ciyawa a tudu da shammam a bakin rafi. Allah Ya jiƙan Usta Halil, Ya jiƙan Gwaggo Gulizar, Ya jiƙan dubban masaƙa da masu kaɗin da babu wanda ya rage da zai kira sunansu. Allah Ya sa 'ya'yanmu su riƙa tambaya tun kafin shekara bakwai. Allah Ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya.

Yanzu, mai girma shugaba, ga magatakardanka nan kusa da kai, ga alƙalami a aljihuna in nasa ya ƙafe. Ba gobe ba, ba sai kwamiti ya zauna ba. A ciro takardar a rubuta a gaban jama'a, a kuma shigar da rubutun cikin babban littafin gidan nan, wanda zai rage bayan takarda ta koɗe.

Na ga shugaba ya ɗaga masa hannu. Madalla. Matso kusa, ɗana, ka rubuta da manyan baƙi yadda mai tabarau zai karanta.

Rubuta: wadda ta kaɗa zaren, Sabriye Alagoz, a lokacin shammam, kamar yadda ta koya daga Gulizar 'yar Osman. Sabriye, daina rufe fuska, ke kika kaɗa.

Rubuta: alamar jan zare uku ta gidan Usta Halil ce, masaƙin Akbayir. Duk wanda ya gan ta a wani wuri, ya san ta nan ta fito. Wannan layin ka danna alƙalami sosai, akwai mai gadin da zan kai wa hotonsa.

Sannan ka rubuta: wanda ya saƙa, Dursun ɗan Rifat Alagoz. Ɗaga in gani.

Ya yi. Ga yadinku.

Na gode.